An Daina Yi wa Kawu Faɗa

Kawuna mai gyaran keke ne, yayan mahaifiyata. Shagonsa 'yar rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin mai faci da mai cajin waya, ɗakinsa kuma na bayan rumfar. Ba komai a ciki sai katifa, rediyo, buta, da tsoffin tayoyi da ya rataye a bango wai za su yi amfani wata rana. Matarsa ta rasu tun ina ƙarama, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba. In Innata ta matsa masa, sai ya ce ta bar shi ya huta, 'ya'yan da yake da su a filin ƙwallo ma sun ishe shi. Ba wasa yake yi ba.

Filin yana bayan tsohuwar masaƙa. Da can juji ne. Kawu da abokansa ne suka kwashe bolar suna samari, suka tsince kwalabe da hannu, suka kafa ƙungiyar ƙwallon unguwa. Shi kansa bai taɓa iya ƙwallo ba. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta tun haihuwa, in yana gudu kuwa sai ka rasa wanda za ka tausaya wa, shi ko ƙwallon. Da aka zo rabon aiki sai aka ba shi zanen layi, don ba mai so. Ya karɓa, ya riƙe, har gemunsa ya yi fari.

Ranar wasa ba a kai masa keke da safe, kowa ya sani. Gari na wayewa yake buɗe siton ƙungiya, ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti, ya kafa ƙusa, ya ja igiya, ya bi ta da buroshi a duƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Farar ƙasa ta cinye masa tafin hannu, duk ya tsattsage. Na sha kawo masa safar hannu daga asibiti, ya yi godiya, ya ajiye ta a kan rediyo. In ya gama sai ya tsaya bayan raga ya ɗora hannu a ƙugu yana kallon aikinsa, ya kori duk yaron da ya taka layi kafin ya bushe. Ni dai ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar a wannan lokacin ba.

A ƙungiyar nan ba a biyan kowa. Shugaba tela ne, Koci direban motar haya ne, ma'aji na sayar da kayan gini. Akwai mai wankin jesi, akwai mai kawo ruwa, akwai mai ɗinke raga in ta yage. Abin da ya riƙe su duk tsawon shekarun nan dokoki ne biyu, kuma Kawu ne ya kafe sai da aka kafa su. Ta farko, mutum ɗaya aiki ɗaya, don kada wani ya tattare komai a hannunsa, ranar da ya yi fushi ƙungiya ta tsaya. Ta biyu, wanda taro ya ɗora wa aiki ba ya cewa a'a, don in aka bar mutane da zaɓinsu kowa koci yake so ya zama, ba mai son wankin safa.

Da wannan doka ta biyu aka kama ni. Na je taro ne kawai in kai wa Kawu maganinsa, ina sanye da kayan asibiti. Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ce ga mai riƙe akwatin magani Allah ya kawo. Kafin in buɗe baki hannuwa sun tashi. Na ce ina da aiki, ina da miji, ina da yara. Ya ce duk wanda ke ɗakin nan yana da abin da ya baro. Na fita ina masifa da akwati a hannu, kuma har yau yana hannuna.

Bayan kowane wasan gida ana zama a wani aji na makarantar firamare da ke kusa da fili. Manya da tumbinsu a matse kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur. A nan ake yin abin da muke kira zagayen gyara. Ana farawa daga Shugaba, a bi kowa da aikinsa, a faɗa masa inda ya gaza a gaban idonsa. Ba a jin kunya, ba a duba shekaru. An wanke ni tas ranar da na manta almakashi. An wanke mai wanki da jesi suka zo da ɗanshi. Koci, wanda muryarsa ke kaiwa har titi, shi ke buga benci in abu ya ɓata masa rai, in an zo kansa kuma a rama. Kawu ya sha nasa. Da'irar tsakiya ta yi kama da ƙwai, farar ƙasa ta yi ruwa, layi ya yi kauri. Ya yi musu, ya rantse, ya yi fushi, a fito ana dariya, mako mai zuwa ka ga ya gyara. Yakan ce mini duk wanda ba a yi wa faɗa a ajin nan ba, baƙo ne.

Ciwon ido ya shigo masa a hankali. Ni na fara lura, da na ga yana laluben sifana alhali tana gefen ƙafarsa. Na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran da magani. Gyaran keke bai gagare shi ba, hannunsa ya san hanya. Amma fili ba keke ba ne. Ba ya hango ƙusar da ke can ɗaya gefen, sai ya kafa ta inda yake zato. Buroshi ya riƙa barin igiya yana yawo. Layin gefe ya fara lanƙwasa, gidan mai tsaron raga ya zama gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Kowa ya gani. 'Yan wasa suka gani, baƙi suka gani, rafali ya fara ƙorafi. Amma in zagayen gyara ya iso kan Kawu, sai ajin ya yi tsit, Tela, wato Shugaba, ya yi gyaran murya ya ce, "Layi lafiya lau. Na gaba." Kawu ya gyara zama yana murmushi. Haka aka yi ta yi, kakar wasa ta wuce, wata ta shigo.

Ni bakina ba ya iya shiru. Na same shi a rumfa yana ɗaure sarkar wani keke, na ce, "Kawu, layinka fa ya karkace. Ka bari wani ya riƙa kama maka igiya."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ina da ido."

"Ke da ba ki san kwana ba, ba ki san fanareti ba? Je ki ji da bandejinki." Ya juya feda yana sauraron ƙarar sarkar. "Da ya karkace da taro ya faɗa. Kin taɓa ganin Koci ya ga abu ya haɗiye?"

Na sake gwadawa wani lokaci, amsar ba ta canja ba. Maganar taro kawai yake yarda da ita, taro kuwa ya ce lafiya lau.

Da hukumar gasa ta aiko cewa in ba a gyara fili ba za a ɗauke mana wasannin gida, sai Tela ya kira mu shagonsa, ban da Kawu. Tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa zama a bayan idon wani ba sai ranar. Muka tsaya tsakanin kekunan ɗinki da tarin yadi, kowa na kallon ƙasa. Na ce abin ai mai sauƙi ne, a faɗa masa a zagayen gyara kamar yadda ake faɗa wa kowa. Zai yi fushi, zai yi rantsuwa, daga baya a haɗa shi da mai kama masa igiya.

Tela ya ce, "Nas, mutumin nan ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro ya kai ni kallon ƙwallo. Da wane bakin zan ce masa idonsa ya mutu?"

"Ba idonsa za ka ce ba. Layinsa za ka ce."

"Duk ɗaya ne."

Na juya ga Koci, don na san shi ba ya tsoron kowa. Sai na ga ƙaton nan yana share ido da hularsa. Ya ce shi a sa shi komai, ban da wannan. Ma'aji ne ya kawo dabarar da ta burge su. Ya ce sauran ƙungiyoyi suna da uban ƙungiya, mu ba mu da shi. A naɗa Kawu. Girma ne, ba zai iya ƙi ba, kuma tunda mutum ɗaya aiki ɗaya ne, layi ya fita daga hannunsa ba tare da an ce masa komai ba. Suka yi ta gyaɗa kai, har da masu ajiyar zuciya. Na ce wallahi wannan ba girmamawa ba ce, tsoro ne aka sa wa riga. Tela ya ce in yi haƙuri, ni 'yarsa ce, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi. Na buga ƙofar shagon na fita. Ba mugaye ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don da mugaye ne da na san yadda zan yi da su.

Ranar babban taron shekara ajin ya cika, har da masu leƙe ta taga. Aka sabunta Shugaba, aka sabunta ma'aji, aka canja mai kawo ruwa. Sannan Tela ya miƙe ya yi dogon jawabi a kan juji da kwalabe da mutanen da suka kafa ƙungiya, ya ce saura mutum ɗaya a cikinsu da ke raye tare da mu. Ya ce yana neman taro ya naɗa shi uban ƙungiya har iyakar rayuwarsa. Tafi ya ɓarke. Kawu na zaune kusa da ni, na ji jikinsa ya ƙame.

Da tafin ya lafa ya miƙe, ya dafa tebur. "Na gode. To, layin fa?"

"Mutum ɗaya aiki ɗaya, Baba," in ji Tela a hankali. "Mai waldan nan na unguwarmu zai karɓa."

"In na ce ba na so fa?"

Aka yi dariya, irin ta ƙauna. Wani daga baya ya ce, "Baba, wa ya kafa dokar?" Aka sake dariya. Tela ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Ni na naɗe nawa a ƙirji. Kawu ya juya kansa a hankali yana duban ajin, ban san iyakar abin da yake gani ba. Can sai ya ɗaga nasa, tsattsagen hannun nan, ya kai shi daidai kunne. Ya ciro makullin sito daga igiyar da ke wuyansa ya ajiye a kan tebur. Aka shigo da kyautarsa, farar riga da Tela ya ɗinka da kansa, da wata babbar kujera mai hannu da aka rubuta Uban Ƙungiya a bayanta.

A wasan gida na gaba na je ɗaukarsa. Na tarar ya tashi tun da asuba kamar kullum, ya yi wanka, ya sa farar rigar, yana zaune bakin katifa ya rasa abin yi da hannuwansa. Muka isa fili rana ta ɗaga. Mai walda, mutum ne mai ƙoƙari, ya ƙera wata 'yar na'ura mai taya, yana turawa tana zuba farar ƙasa. Layi ya fito a miƙe, sai ka ce da rula aka ja. Aka kai Kawu ƙarƙashin rumfa aka zaunar. Kujerar ta yi masa tsayi, gajeriyar ƙafar na lilo ba ta taɓa ƙasa. Ya yi ta gyara zama yana yamutsa fuska, na san ƙugunsa ne ke ciwo. Duk wanda ya wuce sai ya rusuna ya gaishe shi.

Ana dab da fara wasa wani jami'in ƙungiyar baƙi ya shigo rumfar neman inuwa. Bai san kowa ba. Ya dubi fili ya ce wa ma'aji, "Kai, yau kam filinku ya yi kyau. Kun rabu da mai zana muku macizan nan ke nan? Shekara nawa muna zuwa nan muna dariya." Ma'aji ya yi ta ƙifta masa ido, mutumin bai gane ba, ya sha ruwansa ya tafi.

Kawu bai motsa ba. Sai da aka hura usur ya juyo gefena, murya ƙasa ƙasa. "Da ni yake?"

"Da kai yake, Kawu."

"Tun yaushe?"

"An daɗe. Na faɗa maka."

"Ke 'yata ce," ya ce. "Ba ke ce taro ba."

Ya mai da fuskarsa ga fili. Mun ci wasan, ya tafa lokacin da ya ji ana tafawa.

Da yamma aka shiga aji. An ɗauko kujerar an ajiye masa a gaba, kusa da allo, shi kaɗai, mu kuma a kan benci. Uban ƙungiya ba shi da aiki, saboda haka zagayen gyara ba ya bi ta kansa. Aka fara. Aka ce Tela ya makara. Aka ce ni na ɓata lokaci wajen ɗaure wa mai tsaron raga yatsa. Da aka zo kan mai walda sai ajin ya kaure. Ya zubar da farar ƙasa a ƙofar sito, ɗigon fanareti bai fito ba, na'urarsa ta kwashe ciyawa a kusurwa. Koci ya buga benci ya ce in walda ce ta fi masa sauƙi ya koma shagonsa. Mai walda ya miƙe yana rantsuwa, aka yi ta dariya. Na saci kallon Kawu. Ya miƙo wuya gaba, bakinsa a ɗan buɗe, yana bin kowace murya da kai.

Da aka gama Tela ya ce uban ƙungiya ya sa mana albarka mu tashi. Kawu ya zamo daga kujerar har ƙafarsa ta sami ƙasa.

"Kafin albarka," ya ce, "an tsallake ni. Ku yi mini gyara."

Tela ya yi murmushi. "Haba Baba, ai kai yanzu..."

"Ba na yau ba. Na bara, da na bara waccan. Layina. Ku faɗa."

Ba wanda ya ɗago kai.

"Koci."

Koci ya zuba wa takalminsa ido. Da ƙyar ya ce, "Baba, aikinka ba shi da gyara."

"Tela."

"Ba wanda ya yi wa ƙungiyar nan abin da ka yi, Baba. Allah ya saka da alheri."

Aka amsa da amin, kowa na sauri ya fake a bayanta. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce, "Ya karkace. Layin gefe ya lanƙwashe, gidan mai tsaron raga ba daidai ba ne. Ga shi na faɗa a taro." Na tsaya ina jiran ko mutum ɗaya ya ce haka ne. Ko tari ba a yi ba. Na zauna, hawaye na zubo mini, na haushi da na baƙin ciki a haɗe.

Kawu ya jira har ya tabbata ba mai ƙarawa. Ya gyaɗa kai.

"Da kuka yi shiru duk shekarun nan," ya ce, "na ɗauka ƙwarewa na yi."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, gajeriya, ya roƙa wa ƙungiya zaman lafiya da nasara. Aka shafa. Mutane suka fita saɗaf-saɗaf, ba mai tsokanar wani a bakin ƙofa kamar yadda aka saba.

Muka kama hanyar gida tun da sauran haske, yana riƙe da gwiwar hannuna. Muka wuce katangar masaƙa, muka wuce masu wankin mota. Yana ɗingishi fiye da kullum saboda zaman da ya yi. Sai da muka tsaya jiran motoci su wuce ya ce, "Kin ji yadda suka wanke mai walda?"

"Na ji, Kawu."

"Har Koci ya buga benci." Ya yi 'yar gajeriyar dariya. "Yaron zai gyara. Mako mai zuwa za ki ga ɗigon ya fito."

Na ce zan je gidan Koci in tsaya a kansa sai ya faɗi gaskiya. Na ce zan sa a rage ƙafafun kujerar nan, ko a kawo masa benci ya zauna cikin mutane. Ya ce in bari. Muka tsallaka titi, na kai shi har ƙofar ɗakinsa. Ya cire farar rigar a tsanake, ya ninke ta, ya laluba bango ya sami inda zai ajiye. Na juya zan tafi ya kira ni.

"In kin ga Tela gobe, ki ce ina godiya. Ki ce masa kujerar ta yi mini daidai."

"Kawu, ƙafarka ko ƙasa ba ta taɓawa."

"Na sani," ya ce. "Haka za ki faɗa masa. Kada ransu ya ɓaci."